Surukan da Ba Sa Haɗa Ƙofa

Dalilin da ya sa magina suke barin 'yar taga can sama kusa da azara, inda babu mai tsawon da zai leƙa ta, da dalilin da ya sa nake tashin ku da asuba ku buɗe mini ƙofa da taga, hantsi na yi kuma in ce a rufe, duk magana ɗaya ce, kuma maganar surukuta ce.

Kai Bashari, daina hararata. Tun safe kake ƙunƙuni, wai kaka ta rikice, ana zafi tana rufe ɗaki. To ga shi an ɗauke wuta, fankarku ta tsaya cak, duk kun gudo daga ɗakin kwano kun cika mini soro kamar kaji sun ga tsaba. Ku matsa mini in miƙe ƙafa. Ke kuma Ladiyo bar zaro ido, na san an gaya miki mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. Wannan labari ne, a bakin kakata na ji shi, ita kuwa har ta koma ga Allah ko hanyar rijiya ba ta taɓa ɓace mata ba.

A zamanin da, a wani gari da ke bakin fadama, kowa ɗakin ciyawa yake kwana. Iska ta shiga ta nan ta fita ta can, ba wanda ya taɓa tambayar ta ina take bi. A lokacin kuwa Sanyi da Zafi da ƙafafunsu suke yawo kamar mutane, wanda idonsa ya buɗe yakan gan su.

A garin akwai wani mutum ana kiran sa Cindo, don da yatsa shida aka haife shi. Shi ne ya fara kwaɓa laka ya yi tubali a garin, ya ɗora bango, ya jera azara ya rufe da ƙasa. In ya yi yaɓe sai ka ga shatin yatsu shida a bango, kowa ya san aikinsa ne. Mutane har daga ƙauyuka suke zuwa kallo suna yaba masa. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yaba masa ba, ita ce uwarsa, Iya Gwamma.

Kada ku ce ba ta son sa. Cindo ɗan fari ne, a wancan zamani kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon tsakiyar idonsa, ba ta yabon sa. Kunya ake ce wa abin, ku 'yan yanzu ba ku san ta ba. In tana son magana da shi sai ta kira matarsa Tasalla ta ce, "Ki gaya wa mai laka an ce kaza." Shekararsa arba'in a duniya, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Abin yana cin sa a rai, amma wa zai gaya wa?

Wata shekara bayan kaka, Iya ta tafi ganin 'yar'uwarta, ta yi wata biyu. Cindo ya ce yau ga ranar da zai gwada mata ɗan da ta haifa. Ya rushe tsohon ɗakinta na ciyawa, ya gina mata soro. Kaurin bangon ya kai tsawon hannu, ya shafe shi da makuba har yana ƙyalli. Ƙofa ɗaya ya yi masa, ya toshe ko'ina, ko kafar da allura za ta bi bai bari ba. Ya ce rana ba za ta ƙara taɓa uwarsa ba.

Da Iya ta dawo ta tsaya ta dubi soro, ta dubi inda ɗakinta yake a da, ta ce, "To." Ta shiga da tabarmarta.

Lokacin ɗari ne, ɗaki ya yi ɗumi, ta ji daɗinsa. Sai bazara ta kama. Makon farko ba laifi. Daga nan bango ya sha rana ya ƙoshi, ɗaki ya zama kamar tandar waina. Da asuba kowa a gari yana jan zane yana rufe ƙafa, ita kuwa Iya tana jiƙe sharkaf da gumi. Ƙuraje suka feso mata, barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta, har ƙafafunta suka daina ɗaukar ta. Tasalla ta yi fifita da mafici har hannunta ya mutu.

Ta ce, "Iya, ki bari mu fito da ke gindin tsamiya ki sha iska."

Iya ta ce, "Ba inda za ni. In na fita, gari zai ce ginin mai laka ya kori uwarsa. Ɗakin lafiyarsa lau."

Kun ji irin son da ake yi a da? Ta gwammace ta dafu a ciki da a yi wa ɗanta dariya.

Aka kira wata tsohuwa mai magani. Ta taɓa goshin Iya, ta dubi harshenta, ta fito da Cindo waje ta ce, "Ɗan nan, ba ciwon saiwa ba ne wannan. Iska mai sanyi jikinta yake nema. In ta ƙara kwana uku a haka, sai dai haƙuri."



Washegari da asuba, Cindo ya dawo daga masallaci, sai ya ga wani siririn mutum durƙushe a ƙofar soron, ya tuɓe takalma ya ajiye gefe. Rigarsa da danshi, ƙasar da ya taka ma ta yi laima. Da Cindo ya matso sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi.

Ya ce, "Salamu alaikum. Bawan Allah, daga ina?"

Mutumin ya amsa a hankali ya ce, "Ni ne Sanyi. A fadama nake kwana, kullum da asuba nakan zaga gari in gaida mutane."

Cindo ya kusa rungume shi don murna. Ya ce, "Kai nake nema! Shiga mana, bismilla, shiga!"

Sanyi ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a. Manya na ciki."

Cindo ya ce a ransa, Allah sarki, mai ladabi ne, Iya yake jin nauyi. Ya leƙa ya gaya wa Tasalla, Tasalla ta gaya wa Iya, Iya ta ce da muryar da ta rage mata, "A ce wa baƙo ya shigo."

Sanyi ya ce, "Ina gaida Iya, Allah ya ba ta lafiya. Amma manya na ciki."

Ana cikin haka gabas ta yi ja, ya ɗauki takalmansa ya sulale ya koma fadama.

Cindo ya zauna yana saƙe-saƙe. Ya ce ko ƙofar ce ta yi wa baƙo ƙanƙanta? Ya tashi ya cire ƙyaure, ya fasa gefen ƙofa ya faɗaɗa ta, ya bar ta wangame wuni guda don kada baƙo ya zo ya tarar a rufe. Kai, gyaran gangar auzinawa ke nan! Hucin rana ya yi ta kwarara ciki tun hantsi har la'asar. Ranar ko ruwa da ƙyar Iya ta haɗiya.

Asuba ta biyu, ga Sanyi a inda yake jiya, takalma a gefe. Cindo ya ce ya shiga, ya ce manya na ciki. Ya roƙe shi don Allah, ya ce manya na ciki. Sai zuciya ta ɗebi Cindo, ya kai masa cafka da hannu biyu zai tura shi ciki da ƙarfi. Wa ya taɓa kama iska? Ya duba hannunsa, ba komai sai danshi. Nan ƙato ya zube a ƙasa ya fashe da kuka kamar yaron goye.

Iya ta ji kukan daga ciki. Ta yafito Tasalla ta ce, "Me baƙon yake ta faɗi ne?"

"Wai manya na ciki, Iya. Ke yake jin kunya."

"Ya tuɓe takalmi?"

"Ya tuɓe."

"A tsaye yake ko a durƙushe?"

"A durƙushe, kansa a ƙasa."

Iya ta ce, "Jiya da ya gaishe ni, me ya kira ni?"

"Iya ya ce."

"To ba ni yake nufi ba. Ni ai bakinsa ya kama sunana. Wanda baki ya ƙi kama sunansa, shi ne manyan. Ni na san wannan ciwon, shekara arba'in ina fama da shi. Tambaye shi wa yake aure."

Tasalla ta leƙo ta ce, "Malam, Iya ta ce wace ce uwargidanka?"

Sanyi ya ce, "Inuwa."

"'Yar gidan wa?"

Sai Sanyi ya yi tsit, ya shiga zane ƙasa da yatsa.

Iya ta yi 'yar dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Ai shi ke nan. Inuwa 'yar Rana ce, in ba Rana ina za a ga Inuwa? Ubanta kuwa Zafi. Ki ce wa mai laka ya ɗaga kansa sama."

Cindo ya share hawaye ya shiga, ya ɗaga kai. Me zai gani? Wani jibgegen tsoho, jajayen idanu, ya takure a ƙarƙashin azara, gumi yana ɗiga daga gemunsa.

Cindo ya ce, "Baba, me muka yi maka za ka kashe mini uwa?"

Tsohon ya yi tsaki ya ce, "Ni zan kashe ta? Kai dai ka tambayi hannunka mai yatsa shida. Ni Zafi, tun kafin a haife ka nake shiga ɗakin matar nan da rana in huta. In yamma ta yi sai in bi ta saman jinka in yi tafiyata, mijin 'yata ya shigo ta ƙasa da asuba. Bai gan ni ba, ban gan shi ba, mutuncin kowa a rufe. Kai ne ka zo ka toshe mini sama. Ni ban iya sunkuyo ba, sama nake bi tun ina yaro. Kafin in lallaɓa in sauko har ƙofarka gari ya kusa wayewa, sai in tarar da yaron nan durƙushe a bakin ƙofa. In tsallake surukina? In goga kafaɗa da shi? Allah ya sawwaƙe! Sai in koma. Tun farkon bazara nake tsare a nan, ni ma na gaji."

Ashe dukansu biyu kunya ce ta ɗaure su. Wannan yana jiran babba ya fita, wancan yana jiran yaro ya kauce, tsohuwa tana dafuwa a tsakani.

Iya ta ce wa Tasalla, "A gidan mutunci suruki da suruki ba sa haɗa ƙofa. Ki gaya wa mai laka ya yi wa babba tasa hanyar a sama."

Zafi ya ce, "In an yi mini hanya zan fita. Amma ku ji da kyau, duk ƙofar da na tarar a buɗe da rana, ni shiga zan yi, kada a ce ban faɗa ba."

Sanyi kuma daga waje, bai ɗaga kai ba, ya ce wa Tasalla, "In manya sun fita zan shigo. In kun rufe bayana kafin hantsi, yadda surukata ba za ta hango ni ba, zan wuni tare da Iya har la'asar. Ai iyalina ma a ɗakin take zaune." Ya ɗauki takalmansa ya tafi, don gabas ta fara ja.

To, a nan ne Cindo ya tsaya turus. Ku ba ku san nauyin abin ba. A wancan zamani ba mai huda bango sai ɓarawo. Ga shi bangon nan shi ne sunansa, shi ne abin da ya gina don uwarsa ta yaba masa. Ya shafa makubar da tafin hannu ya ce, "In fasa wannan? Da hannuna?"

Tasalla, da ma bakinta ba ya da linzami, ta ce, "Maigida, bango ana sake shi in an kwaɓa laka. Uwa da me ake kwaɓa ta?"

Cindo ya sauke hannunsa daga bangon. Ya mayar da ƙyaure ya rufe ƙofar da ya wangame jiya. La'asar na yi ya jingina tsani a bayan soro, ya hau da dagi, irin ƙarfen nan da ake haƙa rami da shi, ya fara sara dab da azara. Bangon da ya yi alfahari da kaurinsa ya zame masa aiki, kowane sara sai dagi ya dawo masa. Mutane suka taru a ƙasa.

Wani ya ce, "Jama'a ku zo ku ga ɓarawo da rana tsaka, gidansa yake fasawa!"

Wani ya ce, "Cindo, in tukunyar Iya kake so ai ga ƙofa can!"

Aka yi ta shewa. Cindo bai waiwaya ba. Hannunsa ya yi bororo, bororon ya fashe, dagi ya jiƙe da jini. Magariba ta yi saura kamar kaurin tafin hannu, duhu ya hana shi ganin inda yake sara, ya ji tsoron kada ɓaraguzai su faɗa wa Iya, dole ya sauko. Tasalla ta ce masa tun azahar Iya ba ta buɗe ido ba.

Asuba ta uku, ita ce ta ƙarshe a cikin kwanakin da mai magani ta faɗa. Ana sallame salla ya haye tsani. Tasalla ta buɗe ƙofa, ga Sanyi durƙushe yana jira. Cindo ya yi bisimilla ya sara, ya sara, ya ƙara sarawa, sai dagi ya zurma.

Wayyo, huci! Zafi ya fito fuuu ta kafar, ya babbake wa Cindo gashin gira, ya yi sama ko sallama babu. Sanyi ya ga hanya ta yi, ya yi sallama, ya shiga a durƙushe, yana bin ƙasa yana bin ƙasa yadda suruki yake shiga gidan surukai. Ya taɓa ƙafafun Iya, ya hau gwiwa, ya kai ƙirji, ya shafa goshinta.

 Cindo yana bisa tsani, yana tsoron ya leƙa. Can dai ya daure ya cusa fuskarsa a kafar.

Iya tana kwance rigingine, fuskarta tana kallon sama. Ta ja numfashi mai tsawo, ta buɗe ido. Abin da ta fara gani shi ne fuskar ɗanta a cikin haske, duk ƙasa, ba gira, hawaye ya yi masa layi biyu. Ta saba in sun haɗa ido ta kawar da kai. Ranar ba ta kawar ba.

Tasalla ta daka tsalle ta ce, "Ta ga! Wallahi ta buɗe ido, ta ga!"

Iya ta motsa baki, muryarta 'yar ƙarama, ta ce, "Cindo. Sauko a hankali, kada ka faɗi."

Kakata ta ce da ba don ya rungume bango ba da ya faɗo ɗin. Ya daɗe a kan tsanin nan, goshinsa a jikin laka, yana kuka yana dariya. Sai da Iya ta ce a kawo mata kunu, kuma a rufa mata zane don ƙafarta ta yi sanyi, sannan ya iya saukowa.

Hantsi na yi suka toshe kafar da faifai, suka saki asabari suka ja ƙyaure. Sanyi ya cika alkawari, ya wuni a ɗakin har la'asar. Iya Gwamma ta warke, ta ƙara shekara goma sha ɗaya a soron nan. Waɗanda suka kira Cindo ɓarawo kuwa, kafin bazara ta fita sun zo suna roƙon ya gina musu irin nasa. In sun zo sai su ce, "Ka sa mana irin ta Iya, 'yar kafar nan ta 'ta ga'." Daga nan wai sunan ya bi ta. Malaminku na boko zai ce ba daga nan kalmar ta fito ba. Ya je ya ce, shi yana wurin?

Shi ya sa har yau sanyi ta ƙasa yake shigowa, ƙafarka ce take fara jin sa, zafi kuwa can sama yake taruwa yana neman hanyarsa. Shi ya sa magini na ƙwarai yake yi wa kowanne ƙofarsa, kuma mai hankali yake buɗe wa baƙon asuba ya rufe bayansa kafin rana ta hango shi. Ku taɓa ƙasan nan ku ji, ai yana nan bai tafi ba.

Me ka ce, Bashari? Ko ni na taɓa kiran sunan babanku? Ji ɗan nema! Ina ruwanka? Tashi ka gyara asabarin can, ka bar shi a karkace rana tana leƙowa, za ka kunyata mini baƙo. In wancan ya dawo daga kasuwa, ka ce masa an ce ya shigo nan ya huta kafin a kawo wuta. Na ajiye masa wuri kusa da ƙofa, nan ne ya fi sanyi.